Lesin ɗin su Fayol da Taylor da na shiga: abin da na samu a sati 6, da inda suka ba ni haushi

Assalamu alaikum jama'a. Tun da muka gama lesin ɗin nan na darasin ka'idojin gudanar da mulki mutum uku ke nan suna tambayata wai ya ci kuɗinsa kuwa, ko irin na kullum ne da za a karɓi kuɗinka a tsaya a gabanka a karanto maka handawut ɗin da kai ma kana da shi a jaka. Shi ne nace bari in zauna in faɗi komai sau ɗaya, mai daɗi da marar daɗi, wanda ya ga zai iya sai ya je. Ba zan kama sunan wurin ko na malaman ba tunda akwai inda zan yi ƙorafi, wanda ke nan Kano yana wannan karatun zai gane inda nake nufi.

Ni dai ma'aikacin ƙaramar hukuma ne, sashen mulki da harkokin ma'aikata, shekarata 11 ina aiki, Asabar da Lahadi kuma ina karatun difloma a fannin mulki. Bara na samu kariyoba a wannan kwas ɗin kuma wallahi abin ya min ciwo, don na haddace ka'idojin Fayol, wani masanin gudanar da mulki ɗan Faransa, guda 14 tas kamar karatun allo, sai aka zo jarrabawa ba a ce in lissafo su ba, aka ba da labarin wata ma'aikata aka ce a nuna wace ka'ida aka karya kuma me ya kamata a yi. Nan na tsaya ina kallon takarda. Ashe na san sunayensu ne kawai ban san me suke nufi ba. Wani abokin karatuna ne yace in gwada lesin ɗin, yace akwai wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin gwamnati da ke koyarwa a can.

Wurin aji biyu ne na wata firamare mai zaman kanta, suna karɓar haya in yara sun tashi. Litinin, Laraba da Alhamis, daga 4:30 zuwa 6:30 na yamma. Kuɗin naira 15,000 na sati 6, handawut kuma 2,500 daban. Mu 30 da 'yan kai ne a ajinmu, yawanci ma'aikata irina, akwai malaman makaranta, akwai ma'aikatan lafiya mata guda 5, akwai ɗan sanda ɗaya, sai 'yan matasa masu karatun cikakken lokaci. Bencin na yara ne, gwiwarka na tokarar tebur har a tashi, zan dawo kan wannan.

Ranar farko Malam bai ko taɓa allo ba sai da aka ci kusan rabin awa. Wani tsohon fayil ya ciro daga jakarsa, bangon ya koɗe igiyar ma ta tsinke an ƙulla, ya goge sunaye da baƙar maka. Ya ce wa wata baiwar Allah ta karanto mana minit ɗin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, daga wa zuwa wa, da kwanan wata. Takarda ce ta neman gyaran wata mota, ta tashi daga ƙaramin jami'i ta hau wajen shugaban sashe, ta hau wajen darakta, ta hau wajen babban sakatare, sannan ta gangaro ta ɗaya ɓangaren mataki-mataki har ta iso hannun wanda zai duba motar, wanda ofishinsa na kallon na mai neman gyaran. Muka ƙirga sa hannu 9. Sai a lokacin ya tashi ya zana tsani biyu da suka haɗu a sama, yace wannan shi ne abin da Fayol ya kira sarƙar muƙamai, kowa ya san na sama da shi da na ƙasa da shi, saƙo ya bi ta nan ya hau ya bi ta nan ya sauka. Yace ku da kuka tashi a ƙasar Hausa ba baƙon abu ba ne a wajenku, mai unguwa ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya kai fada. To sai ya ja layi ɗaya a ƙasa ya haɗa ƙafafun tsanin biyu, yace wannan kuma kadarko ne, kuma Fayol ɗin da kansa ne ya kawo shi, yace in aiki na tsakanin mutum biyu masu muƙami daidai a sashe daban-daban, su yi magana kai tsaye su gama, da sharaɗi biyu: shugabanninsu sun yarje musu tun farko, kuma in sun gama kowa ya sanar da nasa abin da aka yi. In sun kasa jituwa sai a koma tsani.

Gaskiya jikina ya yi sanyi a wurin nan. Shekara 11 ana gaya min bin tsani shi ne doka, kuma a handawut ɗin bara ma sarƙar kawai na haddace, ban taɓa lura cewa wanda ya rubuta ka'idar ya buɗe ƙofa a jikinta ba. Abin da ya faɗo min a rai wata takarda ce ta hutun haihuwa ta wata ma'aikaciyar asibiti, ta yi sati 5 tsakanin sashen lafiya da sashenmu alhali bango ɗaya ne ya raba mu, har matar ta haihu aka yi suna takardar na kan teburin wani da ya tafi bita. Ni na karɓe ta daga hannun masinja a ƙarshe, kuma na tuna kunyar da na ji da mijinta ya zo bin sawu karo na uku. Satin da Malam ya yi wannan darasin na samu ogana na ce ranka ya daɗe ina neman izini, takardun hutu da ba su shafi kuɗi ba a bar ni in riƙa gamawa da takwarana na sashen lafiya kai tsaye, duk Juma'a in kawo maka jerin waɗanda muka yi. Ya ɗan yi shiru yace in rubuto a takarda. Na rubuta, ya sa hannu, shugaban ɗaya sashen ma ya sa. Yanzu kwana 2 zuwa 3 suke yi. Ko wannan kaɗai na samu ni dai 15,000 ɗina bai faɗi ba.

Yadda yake ba da tarihin mutanen ma ya bambanta. Ni a da Henri Fayol suna ne kawai a takarda. Malam ya nuna mana mutum ne injiniyan haƙar ma'adinai ɗan Faransa, an haife shi 1841, ya shiga aikin kamfanin kwal na Commentry yana ɗan shekara 19, ya sha fama da gobarar da ke tashi a ƙarƙashin ƙasa cikin ramukan kwal, 1888 aka ba shi shugabancin kamfanin lokacin yana dab da durƙushewa, ya riƙe shi shekara 30 ya farfaɗo da shi, sai 1916 ya fitar da rubutun da muke karantawa yau, yana da shekara 75. Wato ba daga ɗakin karatu ya zauna ya ƙirƙiro ba. Ya ba mu labarin da Fayol ya rubuta yana matashi, wani doki da ke jan kaya a ramin ya karye a ƙafa, aiki ya tsaya cak saboda ba wanda ke da ikon sa hannu a fito da wani dokin sai manaja, manaja kuma ba ya nan. Ajin gaba ɗaya aka ɗau hayaniya don kowa ya san wannan, oga ya yi tafiya a dawo jibi. Daga nan ya shiga ka'idar iko da alhaki, yace duk wanda ka ɗora wa alhakin aiki ka ba shi ikon da zai yi shi, kuma kujera ba ta zama ba mai iko a kanta ko da mai ita ya tafi Hajji. Wani abu da ya maimaita ya fi sau 10 a sati shidan nan shi ne Fayol bai ce ka'idojinsa wahayi ba ne, cewa ya yi ba wani abu kafaffe a harkar shugabanci, komai gwargwado ne, sai an duba mutane da yanayi. Ni wannan ne ban taɓa ji ba a aji.

Da Hausa yake bayani yana cakuɗawa da Turanci, amma sunan kowace ka'ida sai ya rubuta da Turanci a allo ya sa mun kwafa daidai tunda da shi za a yi jarrabawa. Wannan tsarin ya min.

Darasin da ya fi zafi shi ne na umarni daga baki ɗaya, wato kowane ma'aikaci ya kasance mutum ɗaya ne ke ba shi umarni. Malam yace ba a sarki biyu a gari ɗaya, sannan ya juyo wajenmu mu ma'aikatan ƙananan hukumomi yace to ku wa ke ba ku umarni? Aka yi tsit. Don gaskiya daga lebul 07 zuwa sama ƙarin girmanka da taransifa da ladabtarwa duk suna hannun hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi ta jiha, aikin yau da kullum kuma ciyaman ne a kanka, ga sakula na zuwa daga ma'aikatar ƙananan hukumomi, ga shugaban sashenka. Ranar da biyu daga ciki suka saɓa kai ne a tsakiya, kuma kai za a ba wa kwiri. Matan nan na lafiya suka ce nasu ma ya fi haka rikicewa. An yi kusan minti 40 ana musu, shi kuma bai hana ba, sai da aka lafa ya nuna mana cewa su kansu masu ka'idojin ba su jitu a nan ba: Taylor cewa ya yi a sa wa lebura shugabanni 8 kowa da fanninsa, Fayol yace sam wannan rikici ne. A handawut an jera su kamar bakinsu ɗaya, ashe ba haka ba ne.

Maganar Taylor kuwa, Frederick Taylor na Amurka, ranar Malam ya zo da wasiƙu 40 a ambulan, ya kira mutum biyu, yace su ware su sashe-sashe, ya sa wani ya riƙe agogon waya. Na farko ya yi yadda ya saba, ɗauki ɗaya ka nemi inda za ka ajiye. Na biyu aka fara jera masa kwali 5 a gabansa da suna a jiki. Kusan rabin lokacin na farkon ya ci. Yace to kun ga abin da Taylor ya kashe rayuwarsa a kai, a auna aiki, a nemo hanya mafi sauƙi, a koya wa kowa ita maimakon kowa ya yi yadda ya gada. Ya ba mu labarin kamfanin ƙarfe na Bethlehem inda lebura ke loda tan 12 da rabi na ƙarfe a rana Taylor ya kai shi tan 47, da yadda ya gano cewa shebur ɗin da ke ɗaukar nauyin fam 21 shi ya fi ba da aiki. Amma ni a nan na ɗaga hannu, don ladan leburan daga dala 1.15 ya koma 1.85, aiki ya ninka kusan sau 4 kuɗi ko ninki biyu bai yi ba, nace Malam wannan ai cin gumin talaka ne. Bai kare Taylor ba. Yace ma'aikatan lokacin ma haka suka gani, a 1911 ɗin da ya fitar da littafinsa aka yi yajin aiki a masana'antar makamai ta gwamnati a Watertown saboda an tsaya a kan ma'aikata da agogo, har majalisar wakilan Amurka ta kafa kwamiti ta kira Taylor ya zo ya yi bayani. Na ji daɗin yadda ya bar ni da ra'ayina bai ce dole in so mutumin ba, sai dai yace a jarrabawa in kawo amfanin in kawo illar.

Akwai ranar da muka yi lissafi kamar 'yan ajin lissafi. Maganar mutum nawa shugaba ɗaya zai iya riƙewa kai tsaye ce. Lyndall Urwick na Ingila yace kada su wuce 5 ko 6 in ayyukansu na cuɗanya da juna, kuma ya dogara ne da lissafin wani ɗan Lituweniya mai suna Graicunas na 1933, wanda ya nuna ba kawunan mutane kawai shugaba ke riƙewa ba, har da alaƙar da ke tsakaninsu, wane da wane, wane da su wane. Malam ya buga a allo: mutum 4 alaƙa 44, mutum 5 ta koma 100, mutum 6 ta kai 222. Wani shugaban yanki a ajinmu yace shi 12 ne ke kawo masa rahoto kai tsaye, aka buga aka samu 24,708, mutumin ya dafe kai yace shi ya sa kullum yake komawa gida da ciwon kai. Malam yace kada ku ɗauki lambar a zahiri kamar kullum sai duk sun faru, abin lura shi ne ƙara mutum ɗaya ba ƙara nauyi ɗaya ba ne, ninkawa yake yi.

POSDCORB ɗin Luther Gulick da kowa ke haddacewa bai ɓata lokaci a kai ba, yace haruffan farko ne na sunayen Turanci na ayyukan shugaba guda 7, tsara abin da za a yi, shirya ma'aikata sashe-sashe, ɗaukar ma'aikata, ba da umarni, daidaita tsakani, kai rahoto, sai kasafin kuɗi, an fitar da shi 1937 lokacin da Gulick ke cikin kwamitin mutum 3 da shugaba Roosevelt na Amurka ya kafa ƙarƙashin Brownlow don a gyara ofishin shugaban ƙasa. Inda ya tsaya sosai shi ne hanyoyi 4 da Gulick yace ana raba ma'aikatu, kuma duk misalan daga nan gida ya ɗauko: ta manufa kamar ma'aikatar lafiya ko ilimi, ta irin ƙwarewa kamar ofishin akanta janar ko ma'aikatar shari'a da ke yi wa kowa aiki, ta mutanen da ake yi wa hidima kamar hukumar alhazai ko hukumar ilimin makiyaya, sai ta wuri kamar hukumar raya kogin Haɗeja da Jama'are. Sai ya tambaya, to allurar rigakafi a makarantar firamare aikin wa ne, lafiya ko ilimi? Malaman makaranta da matan lafiya suka sake kacamewa. Irin wannan tambayar ce ta kayar da ni bara, yanzu kuwa har daɗinta nake ji.

Da muka zo ka'idar dawwamar ma'aikaci a aikinsa ya kawo korar da gwamnatin Murtala ta yi a 1975, inda aka sallami ma'aikata wajen 10,000 cikin 'yan watanni. Shi ra'ayinsa daga nan ne ma'aikaci ya daina jin kujerarsa tabbas ce ya fara tanadin gobe ta kowace hanya. Wani dattijo a ajin bai yarda ba yace ɓarna ce ta yi yawa dole a yi shara. Ya taɓo kwamitin Udoji na 1974 da ya kawo mana lebul 01 zuwa 17, da gyaran 1988 na zamanin Babangida da ya mayar da manyan sakatarori daraktoci janar masu tafiya da gwamnatin da ta naɗa su, kafin daga baya a dawo da tsohon tsarin. Wannan ɓangaren na so ya fi haka tsawo.

To yanzu inda suka gaza, kuma ba kaɗan ba ne.

Babban abin da ya ɓata min rai shi ne satin darasin Max Weber, masanin nan ɗan Jamus da ya yi rubutu kan tsarin aikin ofis. Sati guda cur, darasi 3, Malam bai zo ba aka ce yana da uzuri, aka turo wani matashi mataimakinsa. Yaron yana da ladabi ba laifi, amma tsayawa ya yi yana karanto handawut layi-layi, in ka yi tambaya sai ya sake karanto maka layin da ƙarfi. Rana ta uku mutum 12 ne kawai suka zo. Weber kuwa shi ne wanda ya fi shafarmu mu ma'aikatan gwamnati, kuma shi ya fi fitowa a jarrabawa. Da Malam ya dawo muka yi masa ƙorafi, ya ɗauki minti 20 ya ɗan ɗinke: iko iri 3, na gado irin na sarauta, na kwarjini da baiwar mutum, sai na doka inda kujera ake yi wa biyayya ba wanda ke kanta ba, komai a rubuce a fayil, ɗaukar aiki ta cancanta, kuma kuɗin ofis daban aljihun mai ofis daban. Ya misalta da lokacin En'e da aka kafa baitulmali aka yanka wa sarakuna da hakimai albashi maimakon su ɗebi rabonsu daga haraji, yace a nan za ku ga iko na gado ana sa masa rigar doka. Minti 20 ɗin nan sun fi darasi ukun yaron amfani, amma kuma su suka nuna mana girman abin da muka rasa. Ba a rama mana satin ba, ba a rage mana ko sisi ba. Na tambayi mai karɓar kuɗin yace ba a mayarwa. Wannan ba daidai ba ne, tunda da sunan Malam aka tallata mana lesin ɗin, ba wanda ya ce mana za a yi canji a tsakiya.

Saboda satin da aka rasa sai komai na ƙarshe ya cushe. Masu sukar waɗannan ka'idoji gaba ɗaya rana ɗaya aka ba su. Binciken Hawthorne na kamfanin Western Electric kusa da Cikago, wanda ya nuna ma'aikaci ba inji ba ne, kulawa da zaman tare da abokan aiki na tasiri a kan ƙoƙarinsa, minti 15 aka yi masa. Herbert Simon, wani masani ɗan Amurka cikin masu sukan, shi ma haka, alhali abin da ya faɗa a 1946 shi ne ya fi komai burge ni. Cewa ya yi ka'idojin nan kamar karin magana suke, kowacce tana da kishiyarta kuma duk biyun suna kama da gaskiya. Malam yace kamar mu ne, mu ce sauri ya haifi nawa, mu kuma ce da zafi-zafi ake dukan ƙarfe, to wanne za ka bi yau? Haka an ce kada shugaba ya riƙe mutane da yawa, an kuma ce kada matakan tsani su yi yawa, alhali in ka rage wancan dole wannan ya ƙaru, kuma ka'idar ba ta gaya maka inda za ka tsaya ba. Ana cikin wannan aka kira magariba aka tashi, lesin ya ƙare ke nan. Na fita ina jin kamar an ɗauke min kwano ina tsakar ci.

Handawut ɗin ma ba ya cin 2,500. Fotokwafi ne na fotokwafi, wasu shafukan sun dushe, a shafin ka'idoji 14 inji ya yanke layin ƙasa sai 13 suka fito, ta haɗin kan ma'aikata ta ɓace, da ba don na san su ba da haka zan tafi da su. An rubuta shekarar rasuwar Fayol ba daidai ba, Malam da kansa yace mu gyara mu sa 1925. Ba ko ɗaya daga cikin misalan nan masu daɗi da yake bayarwa a aji da ke cikin takardar, don haka in ba ka rubutu da hannunka ka yi asara. Ni littafi guda na cika.

Ɗakin kuwa sai haƙuri. Fanka ɗaya ce, ba wuta ba janareto, lokacin zafi muka yi, ƙarfe biyar kowa ya jiƙe sharkaf. Wajen 6 duhu ya fara shiga na baya ba sa ganin allo. Bencin yara ga manya masu shekara 40 da 50 ba ƙaramin wahala ba ne, akwai wani bawan Allah mai ciwon baya da ya koma zuwa da kujerar roba daga gida a bayan mashin. Banɗaki ɗaya ne ba ruwa, matan sun yi ta magana a kan wannan har aka gama ba a gyara ba, kuma ni ina ganin rashin kyautawa ne ka karɓi kuɗin mace ta baro ofis ta zo ta zauna awa biyu ba inda za ta kewaya ta yi alwala. Da kuɗin mutum 30 ai ana iya sayen jarka biyu ta ruwa da fitilar sola. Guruf ɗin WhatsApp da aka buɗe mana don tambayoyi shi ma ba mai kula da shi, ya koma wajen tallan atamfa da turare.

Shi kansa Malam yana da nasa. Wani lokaci in ya shiga labarin aikin gwamnati na da sai ya yi nisa, minti 20 sun tafi ana zamanin da fayil ba ya kwana a tebur. Labaran na da daɗi amma da an rage su da Simon ya samu kwana biyu. Kuma yakan yi saurin wuce masu jin kunyar tambaya, masu baki irina mu muka fi cin moriyarsa.

Amma abu ɗaya da ba zan manta masa ba, sau biyu ya ba mu tsofaffin tambayoyi muka amsa a gida, kuma ya duba kowace takarda da hannunsa da jan biro. A tawa ta farko na jero ka'idoji 6 da bayaninsu tsaf ina ganin na burge, ya ja layi a ƙarƙashin duka ya rubuta a gefe, ina ma'aikatar da aka tambaye ka? Ta biyu na fara da labarin da aka bayar, na nuna inda mutum biyu ke ba akawu ɗaya umarni da inda aka ɗora wa mutum alhaki ba a ba shi ikon sa hannu ba, sannan na kawo Fayol. Ya ba ni 14 cikin 20, ya rubuta saura ka kawo abin da masu suka za su ce. Takardun biyu suna nan na ajiye su a cikin fayil ɗin takardun makarantata.

In ka tambaye ni maki zan ba koyarwar Malam 9 cikin 10, wurin da tsarinsu 4. Wanda ya fi dacewa ya je shi ne ma'aikaci da ya riga ya san ofis, don duk misalan daga can suke, 'yan matasan ajinmu na lura wani lokaci ana dariya ko musu su ba su gane dalili ba. Mai neman a ba shi abin da zai haddace dare ɗaya ya shiga jarrabawa kada ya ɓata kuɗinsa, ba a nan ba. Wanda zai je ya tafi da babban littafin rubutu da mafici da ruwansa, ya je da wuri ya kama gefen taga a layi na biyu, kada ya sayi handawut ya ari na wani ya duba tukuna. Kuma kafin ka miƙa kuɗi ka tambayi mai karɓa gaba da gaba, Malam ne zai yi Weber da kansa, kuma in ya yi fashi za a rama? Ka sa ya amsa maka a gaban mutane. Ni na rubuta musu waɗannan ƙorafe-ƙorafen a takarda na ba Malam hannu da hannu ranar ƙarshe, ya karanta a tsaye ya ninke ya sa a aljihun gaba, yace zai zauna da masu wurin kafin a buɗe zagaye na gaba.